Yadda ake hawan keke lafiya a lokacin hunturu a Damagaram

Hunturu a Damagaram yakan shigo a watan Nuwamba, ya tsananta a Disamba da Janairu, sannan ya fara sassautawa a cikin Fabrairu. A tsakiyarsa ma'aunin zafi yakan sauka zuwa wajen digiri 14 ko 15 da asuba, wata rana ma ƙasa da haka, amma kafin la'asar ya haura zuwa kusan 30. Iskar tana busowa daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar Sahara, wadda kaso mai yawa nata ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Abu uku ke nan mai keke yake fuskanta: sanyin safe, ƙurar da ke cin keke da ƙirji, da hazon da ke hana direba hango shi. Sabon mahayi yakan mai da hankalinsa duka a kan sanyi, alhali a ganina shi ne mafi sauƙin magani a cikin ukun. Ƙura da hazo su ne suke bukatar shiri na gaske, kuma a kansu zan fi tsayawa.

Kayan da za ka tanada

Na keke: famfon hannu, kayan faci, wato sholisho da 'yan faci da guntun sanfefa, robar ciki guda ta ajiya daidai da girman tayarka, sifana mai lamba 15 don notin ƙafa da mai lamba 10 don birki, filaya, tsumma biyu, tsohon buroshin haƙori, kananzir kaɗan a kwalba, da mai marar kauri na sarƙa. Sai ƙararrawa mai aiki, da fitila biyu, fara a gaba, ja a baya.

Na jiki: riguna biyu ko uku marasa nauyi, ta saman cikinsu mai zif wadda iska ba ta ratsa ta, safar hannu, safar ƙafa da takalmi rufaffe, hular da ke rufe kunne, hular kwano, takunkumi, tabarau, man kaɗanya ko basilin, da gorar ruwa mai murfi.

Kada yawan kayan ya karya maka gwiwa. Rigunan da safar hannu ana samunsu wajen masu gwanjo a kasuwar Dole, sauran kuma akwai abin da zai tsaya a madadinsu, kamar yadda zan nuna a kowane mataki. Abu biyu ne kawai ba na yarda a fita babu su a wannan lokaci: birki mai kamawa, da abin da zai sa a gan ka.

1. Ka wanke sarƙa, ka sa mata mai kaɗan

Kuskuren da aka fi yi shi ne, da mutum ya ji sarƙa tana ƙara, sai ya ɗebo baƙin mai a wurin bakanike ya kwarara mata. Ƙarar za ta ɗauke na kwana ɗaya ko biyu, amma man mai yawa yana kama duk ƙurar da ta taɓa shi, su haɗu su zama baƙin kwaɓi mai yashi a ciki, wanda yake niƙa gaɓoɓin sarƙa da haƙoran da take hawa a duk juyin feda. Baƙin man da ya fito daga inji kuma dama can yana ɗauke da garin ƙarfe.

Ka kifar da keken a kan sirdi da kai, ka shimfiɗa kwali a ƙasa. Ka tsoma buroshi a kananzir ka goge sarƙar gaɓa-gaɓa kana juya feda a hankali, ka bi haƙoran gaba da na baya, ka ciro dattin da ya daskare a tsakaninsu da ɗan tsinke. Ka share da tsumma na farko, ka bar ta ta bushe sosai, domin kananzir ɗin da ya saura yana tsinka sabon man. Sannan ka ɗiga mai ɗigo ɗaya a kan kowace gaɓa, ta gefen da ke taɓa haƙora, ka juya feda na ɗan lokaci don man ya shige ciki. Daga nan ka naɗe sarƙar da tsumma na biyu ka ci gaba da juyawa har bayanta ya kusa bushewa. Man da ke aiki yana can cikin gaɓoɓin, na waje ƙura kawai yake jawowa. Idan ka shafa yatsa a sarƙar ya fito jiƙe sharkaf, ba ka gama gogewa ba.

Idan babu man sarƙa, man keken ɗinki yana yi, sai dai yana saurin ƙarewa, don haka ka riƙa sabunta shi. Idan shi ma babu, sabon man inji ɗan kaɗan ya fi babu. Man gyaɗa da sauran man girki kuwa ka nisance su, domin suna yin danƙo su daskare. Giris na cikin boris ne, wato 'yan ƙwallayen ƙarfen da ƙafa da feda ke juyawa a kansu, ba a shafa shi a sarƙa.

Kafin ka miƙar da keken ka duba ko sarƙar ta miƙe. Cikakkun gaɓoɓi 10 na sabuwar sarƙa, wato ana ƙirga gaɓar ciki da ta waje a matsayin ɗaya, tsawonsu santimita 25.4 ne, idan sun kai 25.6 lokacin canji ya yi. In ba ka da ma'auni, ka ja sarƙar daga gaban haƙoran gaba: idan ta ɗaga har kana ganin haƙori a ƙarƙashinta, ta gaji. A keke marar giya kuma ka danna tsakiyar sarƙar, wasanta sama da ƙasa kada ya wuce santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi.

2. Ka duba taya da safe

Iskar cikin taya tana ɗan raguwa da sanyi, ta ƙaru da zafi. Bambancin ba shi da yawa, amma tayar da dama take da ƙarancin iska za ka same ta a lanƙwashe da asuba, ita kuwa tayar da aka cika fiye da kima da sanyin safe aka jingine a rana, idan robarta ta tsufa, tana iya fashewa da tsakar rana. Adadin iskar da ya dace yana rubuce a gefen tayar. Idan famfonka ba shi da ma'auni, ka danna da babban yatsa: ta ɗan lotsa kaɗan ƙwarai, kuma idan ka hau kada ta baje.

Bushewar iska tana tsattsage roba. Ka bi gefen tayar da ido, idan ka ga tsaga har zare ya bayyana, ka canja ta tun kafin ta bar ka a hanya. Wannan kuma lokaci ne da tsidau da ƙayar aduwa suka bushe suka yi ƙarfi, iska tana watso su kan hanya. Dabarar da ke rage faci ita ce ka yanke bawul ɗin tsohuwar robar ciki, ka tsaga ta a tsaye, ka shimfiɗa ta tsakanin taya da sabuwar robar. Idan kuma ka yi faci, kada ka mayar da robar sai ka bi cikin tayar da yatsa a hankali ka ciro ƙayar, in ba haka ba za ta sake huda wuri ɗaya kafin ka kai ko'ina. Sholisho ma a bar shi ya sha iska har ya daina sheƙi kafin a manna faci.

3. Birki, fitila da ƙararrawa

Ƙura tana kwanciya a ƙarfen ƙafa, daidai inda robar birki ke kamawa, tana rage kamun, tana kuma cinye robar. Ka goge wurin da busasshen tsumma wanda mai bai taɓa ba. Ko ɗigo ɗaya na mai a wannan wuri yana iya sa birki ya zame. Ka duba fuskar robar, ka ciro tsakuwar da ta nutse a ciki, idan ta yi santsi ka ɗan goge ta da sanfefa. Tazarar roba da ƙarfe milimita 2 zuwa 3 ta isa, kuma idan ka matse birki kada hannunsa ya taɓa kan keke.

Fitila a hunturu ba ta dare kaɗai ba ce. A watan Janairu rana ba ta fitowa a Damagaram sai wajen ƙarfe bakwai, tana faɗuwa shida da 'yan mintuna, wato ɗalibi ko ma'aikacin da ke fita da wuri cikin duhu-duhu yake fita. A ranar da hazo ya sauka kuwa har da hantsi ana bukatarta. Ta baya ta fi muhimmanci, domin abin da ke gabanka kana ganinsa, na bayanka kuwa shi ne ya kamata ya gan ka. Idan ba ka da fitilar keke, ka ɗaure ƙaramar tocila a kan keke da zaren robar ciki, ka ɗan sunkuyar da ita ƙasa don kada ta kashe wa na gaba ido. Ta baya ka lulluɓe bakinta da jar leda ninki biyu, ka ɗaure a ƙarƙashin sirdi. Kada ka sa farar fitila a baya, direba zai ɗauka kana tahowa ne.

4. Ka sa tufafi hawa-hawa

Babbar rigar sanyi guda mai kauri tana da daɗi a ƙofar gida, amma bayan minti goma kana tuƙi za ka jiƙe da gumi a cikinta, kuma da ka tsaya iska ta bugi jiƙaƙƙiyar riga, sanyin ya fi na farko. Abin da ya dace shi ne riga marar nauyi a jiki, wata mai ɗan ɗumi a kanta, sannan mai tare iska a sama. Idan jiki ya ɗumama ka zuge zif, idan rana ta ɗaga ka cire ɗaya ka ɗaure a kariya. Alamar cewa ka yi shiga daidai ita ce ka ɗan ji sanyi a mintunan farko.

Idan ba ka da rigar da ke tare iska, ka sa takarda mai faɗi ko siririn kwali a ƙirji tsakanin riguna biyu. Tsohuwar dabara ce ta mahaya keke, tana kuma aiki, domin ƙirji ne iska ke fara duka.

Yatsun hannu su ne suke fara sandarewa, su ne kuma suke riƙe da birki, don haka safar hannu ba ado ba ce. Ka zaɓi wadda ba ta zamewa a kan birki. Idan babu, safar auduga ta masu aikin gini ta wadatar. Silifas a bar su a gida, saboda ƙafa tana zamewa daga feda, diddige kuma yana yin faso. Hular kunne ta zama siririya yadda hular kwano za ta zauna daidai a kanta, kuma kada ta toshe maka ji.

Sai batun tufafi masu jan ƙasa, wanda nake roƙon a kula da shi sosai. Jelar rawani, bakin jallabiya, mayafi, dogon hijabi da ƙafar wando mai faɗi duk suna iya shiga sarƙa ko wayoyin ƙafa, kuma iskar hunturu tana kaɗa su ta inda ba a zata ba. Ka cusa jelar rawani cikin riga, ka ɗaure ƙafar wando ta dama da roba ko ka cusa ta cikin safa. 'Yan mata masu zuwa makaranta a keke su tattare hijabi su soke shi a gaba kafin su hau. Launin rigar sama kuma ya zama mai haske, kamar ruwan ɗorawa ko ruwan lemo. Toka-toka da ruwan ƙasa suna ɓacewa a cikin hazo, fari ma ba ya fita sosai. Riga mai ƙyalli irin ta ma'aikatan hanya ta fi kowace.

5. Ka kare hanci, ido da fata

Mai tuƙa keke yana shaƙar iska ninkin ta mai tafiya a ƙasa, saboda haka ƙurar da ke shiga ƙirjinsa ta fi yawa. Rawani ko ƙyalle yana tare yashi da ƙura mai gwaɓi, amma mai laushin nan da ke zama hazo tana ratsa shi. Takunkumin da aka rubuta wa FFP2 ko N95, idan ya zauna daram a hanci da haɓa, ya fi su tarewa nesa ba kusa ba, sai dai numfashi ya fi nauyi a cikinsa, don haka ka rage gudu. Idan na ƙyalle ne kake da shi, ka yi masa ninki, ka wanke shi kullum. Wasu suna jiƙa shi da ruwa, amma ba na ba da wannan shawara da safe, domin yana sanyaya fuska kuma nan da nan yake bushewa.

Tabarau marar duhu ya fi dacewa da safe da yamma, baƙi sai rana ta take. Idan yana yin gumi saboda takunkumi, ka matse ƙarfen hancin takunkumin, ka ɗora tabarau a kansa. Idan ƙura ta faɗa maka ido, ka tsaya, ka sauka daga hanya, ka wanke da ruwa mai tsabta. Kada ka murza, kada kuma ka ci gaba da tafiya da ido ɗaya.

Kafin ka fita ka shafa man kaɗanya a leɓe, bayan hannu, diddige da bakin hanci, yana rage tsagewa da haɓo. Ka riƙa kurɓar ruwa ko ba ka ji ƙishirwa ba, domin busasshiyar iska tana ɗauke gumi tun kafin ka san ka yi shi. Mai asma kada ya fita ba tare da maganinsa na shaƙa ba, kuma ranar da hazo ya yi kauri ya haƙura da keke. Haka nan wannan lokaci ne na sanƙarau a yankinmu: zazzaɓi mai zafi da ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya ba gajiyar keke ba ce, asibiti ake nufa da gaggawa.

6. Ka zaɓi lokaci da hanya bisa ga iska

Iskar hunturu takan busa a hankali da asuba, ta tashi da ƙarfi da hantsi, ta lafa da yamma. Ƙarfin da take tare ka da shi yana ninkuwa fiye da yadda ake zato: idan kana gudun kilomita 20 a awa, iska mai irin wannan gudu ta taho ta gabanka, turjiyar da kake ji ninki huɗu ce ta ranar da babu iska. Saboda haka wanda zai nufi arewa ta hanyar Tanut, ko gabas wajen Mirriya, wadda ke da nisan kusan kilomita 18, ya tashi kafin iska ta kankama, ya bar dawowa ta tura shi. Wanda ya nufi Takeita ko Magarya da safe kuwa zai ji keken yana gudu da kansa, kada wannan ya ruɗe shi ya yi nisa, domin dawowar ce ke da aiki, gara ya jira yamma.

Idan iska na gabanka, ka sa giya mai sauƙi, ka riƙa juya ƙafa da sauri-sauri, ka ɗan duƙa, ka matso da gwiwar hannu jiki. A keke marar giya ka rage gudu kawai, in ta fi ƙarfinka ka sauka ka tura. Iskar gefe ta fi haɗari, musamman inda gine-gine ko duwatsun unguwar Birni suka kare ka sannan ka fito fili ta buge ka lokaci guda. Faffaɗan kaya a kariya, kamar kwali ko tabarma, ka kwantar da su ka ɗaure tamau.

7. Tuƙi cikin hazo da yashi

Ka tsaya a hannun dama, amma kada ka manne da bakin kwalta, domin nan ne iska ke tara yashi. Ka bar kamar taku ɗaya tsakaninka da bakin, ka miƙe a layi ɗaya yadda na bayanka zai san inda ka dosa. Idan ba makawa sai ka shiga yashi, ka rage gudu tun kafin ka kai, ka ja jiki baya a kan sirdi, ka sassauta riƙon kai, ka ci gaba da taka feda har ka fita. Abu biyu ne ke kayar da mutum a yashi: juya kai da ƙarfi, da matse birkin gaba. Idan yashin ya yi zurfi, sauka ya fi.

Babbar mota idan ta wuce ka tana zuwa da abu biyu, iskar da ke fizgarka wajenta da ƙurar da ke rufe hanya. A kan babbar hanya mai lamba 1 da ta ratsa gari daga Maraɗi zuwa Gure, da kuma hanyar Tanut inda tankokin mai ke zirga-zirga zuwa matatar da ke arewa da gari, da ka ji ƙararta a bayanka ka riƙe kai da hannu biyu. A hanyar burji kuwa ka sauka gefe gaba ɗaya ka jira ƙurar ta lafa, saboda sau da yawa akwai wata motar ko ɗan kabu-kabu a cikin ƙurar, ba ya ganinka, kai ma ba ka ganinsa.

Da sassafe idan ka nufi gabas, da yamma kuma idan ka nufi yamma, rana tana ƙasa-ƙasa, haskenta ya gauraye da ƙura. Duk abin da ya kashe maka ido ya kashe na direban da ke bayanka, ga gilashinsa ma da ƙura. A irin wannan lokaci ka bi ta cikin unguwa in akwai hanya, ko da ta fi nisa.

A cikin unguwa kuma, a Zango ko Sabon Gari ko Garin Malam, hayaƙin wutar da ake jin ɗumi da na bolar da ake ƙonawa yana ƙara wa hazon kauri. Yara masu zuwa makaranta sun naɗe kai da kunne, ba sa jin tahowarka, don haka ka kaɗa ƙararrawa tun daga nesa, ka rage gudu kamar ba su ji ba. Amalanke ba shi da fitila, a daidaita sahu kuma yakan tsaya ba zato don ɗaukar fasinja, ka ba su tazara. Kafin ka juya ka waiga, ka miƙa hannu. Abin sauraron waya a kunne kuwa ba shi da wuri a kan keke. Idan haɗari ya auku, lambar 'yan kwana-kwana ita ce 18.

8. Bayan ka sauka

Ka cire rigar da ta jiƙe nan take ka sa busasshiya, ka wanke fuska da ido, ka shaƙa ruwa a hanci kamar yadda ake yi a alwala, ka sake shafa mai. Keken kuma ba ya bukatar wanka, abin da ya yi daidai da garin da ruwa ke da daraja kamar namu. Ka kakkaɓe shi da busasshen tsumma ko buroshi, ka goge sarƙa da ƙarfen birki. Kada ka kai shi wurin masu wankin mota su fesa masa ruwa mai ƙarfi, domin yana tura yashi cikin boris ya wanke giris ɗin da ke ciki.

Ka ajiye shi a ɗaki ko zaure. Idan a tsakar gida zai kwana, ka rufe shi da buhu ko tsohon zane, ka kuma kau da shi daga rana da kuma wurin da ake hura wuta, don kada roba ta bushe. Mai hawa kullum ya maimaita aikin sarƙa sau ɗaya a mako, ko duk ranar da ya ji tana ƙara. Idan ka ɗaga ƙafar keke ka juya ta ka ji gurzo kamar yashi, ko ka girgiza ta gefe da gefe ka ji tana wasa, ƙura ta shiga boris, sai ka kai wa mai gyara ya buɗe, ya wanke, ya sa sabon giris. Ko ba ka ji komai ba, ka sa a yi wannan aiki a ƙafafu biyu da gindin feda a ƙarshen Fabrairu, kafin iskar bazara ta shigo da tata ƙurar.